Kwalbar da Baba Ya Ƙi Rufewa

Ƙwai ne suka fara haɗa ni da abin. Ina kiwon kaji a bayan gidanmu a Kankara, kuma shekarar da na sayi ɗan injin ƙyanƙyasa mai aiki da hasken rana, na ɗauka na rabu da jiran kaza sai ta ga damar kwanci. Zubin farko, da damina, ya fito lafiya lau. Na bazara kuwa ya ba ni kunya. Kwana ashirin da ɗaya suka cika, ina jin 'yan tsaki suna ƙwanƙwasa daga ciki, amma 'yan kaɗan ne suka fito. Da na fasa sauran sai na tarar da su cikakku, da gashinsu da komai, fatar nan ta cikin ƙwai ta bushe ta manne musu kamar leda. Na yi kuka ranar, ba zan ɓoye ba.

Mai sayar mini da abincin kaji ne ya ce iskar cikin injin ce ta bushe da yawa. Na ce masa, iska kuma har tana da jiƙa da bushewa, sai ka ce wanki? Bai tsaya gardama da ni ba. Ya miƙo mini wani ɗan abu da bai fi kwalin ashana ba, mai fuskar gilashi irin ta agogon hannu, da lambobi biyu a kai. Ta sama zafi take nunawa. Ta ƙasa kuwa, in ji shi, ita ce ke faɗin yawan ruwan da ke cikin iska. Ya ce in sa shi cikin injin, in lambar ƙasa ta faɗi in ƙara ruwa a ɗan farantin da ke gindi. Na yi hakan, 'yan tsaki suka daina mutuwa a cikin ƙwai.

Da wata ce da shi ke nan, magana ta ƙare. Amma ni tun ina yarinya Inna take cewa bin diddigina ya yi yawa, ba na ganin abu a rufe in wuce. Sai na sayo na biyu, wanda ba na kaji ba, nawa na kaina, na shiga yawo da shi cikin gida. Na huro masa numfashi, lamba ta yi tsalle. Na kai shi banɗaki bayan an yi wanka da ruwan zafi, ta haura tamanin. Na riƙe shi a saman tukunyar tuwo har gilashin ya yi gumi. A watan Agusta na kulle shi cikin akwatin atamfofina, washegari na gane dalilin warin nan da suke yi kowace damina. Maigidana ya ce saura in jefa shi cikin miya in ji ko gishiri ya ji.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, duk abin da yake faɗa mun riga mun san shi, ba mu dai san abu ɗaya ne ba. Gishiri ya dunƙule a kwano, ƙofar katako ta kumbura ta ƙi rufuwa, ashana ta ƙi kamawa, daddawa ta yi laushi, gwiwar tsohuwa ta hau ciwo. Inna kan ce garin da laima, ta ci gaba da aikinta. Ashe ruwa ne ke yawo a tsakaninmu ba mu ganinsa, yana shiga yana fita yadda ya so.

Ƙarshe dai na sa wuƙa na ɓare shi. A ciki, bayan wasu 'yan tsaga da ke gefe, na ga wani ɗan falle da bai kai farcen ƙaramin yatsa ba, da layuka sirara a jikinsa kamar haƙoran mataji. Na kai wa mai gyaran waya na bakin kasuwa ya mayar mini da shi yadda yake, na kuma tsare shi da tambaya. Ya ce an shafe fallen da wani abu mai tsotsar ruwa daga iska, yadda gishiri ke yi, kuma wutar batir da ke bi ta cikinsa tana canzawa gwargwadon ruwan da ya tsotsa, sai canjin ya fito a lamba. Na juya bayanin a kaina har na taƙaita shi yadda zan iya riƙewa: abin shan iska yake yi. Duk wadda ta shigo gidan ta tambaya, haka nake ce mata.

Wani malamin gona da ya zo sayen 'yan tsaki ne ya ƙara mini ilimi. Ya ce da wannan ɗan abin ana iya gane ko hatsi ya bushe. A zuba hatsin rabin kwalba, a ɗora abin a kai, a rufe ruf, a jira kamar awa ɗaya. Hatsi mai sauran ruwa zai fitar da shi cikin 'yar iskar da ke kulle, lamba ta hau. In ta tsaya ƙasa da sittin da biyar, a zuba a buhu babu fargaba. Yana magana ni kuwa hankalina ya riga ya tafi Damari, wurin Baba.

Mahaifina ba mai kuɗi ba ne, ba shi da sarauta, karatunsa kuma daidai na salla da sauke farali. Amma duk unguwarmu an san haƙorinsa. Da kaka, in an gama casar masara an shanya, kafin mutum ya ɗinke buhu sai ya ɗebo cikin hannu ya kawo zaurenmu. Baba zai zaɓi ƙwaya ɗaya, ya kai ta can ƙurya tsakanin turamen haƙoransa, ya rufe ido, ya ciza. In ta ce ƙas, sai ya ce, "Ta yi." In ba ta ce ba, ya ce, "Da sauran sanyi, a ƙara mata kwana biyu." Ba ya karɓar ko goro. Tun ina ƙarama nake ganin manyan mutane masu shanun noma suna tsugunne gabansa da masara a tafin hannu, kuma wannan ne abin da yake tinƙaho da shi a duniya, ko da yake bai taɓa faɗa ba.

Turamen nan sun daɗe suna girgiɗi. Shekarar da ta gabaci wadda nake ba da labari, aka cire masa na ƙarshe masu haɗuwa da juna. Na gaba suna nan, saboda haka in yana magana ba mai ganewa. Bai gaya wa kowa ba. Da kaka ta zo aka kawo masa masara, ya kai ƙwaya ƙurya yadda ya saba, ya rufe ido, ya danna ta da dasashi, ya yanke hukunci. Cikin waɗanda ya ce wa ta yi har da Alhaji maƙwabcinmu, abokinsa tun suna samari. Kafin rani ya yi nisa, buhunan Alhaji sun yi funfuna, masarar ta dunƙule ta yi baƙi, ko kaji aka hana ba su. Alhaji bai ce uffan ba, amma gari ƙarami ne. Inna ta gaya mini a waya cewa bana mutane wucewa suke yi ta ƙofar zaure da masararsu a hannu, su yi sallama, su ƙara gaba. Baba kuma kullum yana shimfiɗa tabarmarsa a wurin.

Abin ya tsaya mini a rai. Na nemi kwalba mai faɗin baki da murfi mai kyau, na wanke ta bushe, na sa wa ɗan abina sabon batir. Hanyarmu ba kullum ake bin ta da kwanciyar hankali ba, maigidana kuma ya ce in dakata, sai na naɗe kayan a tsumma na ba wani direba ɗan garinmu. Da suka isa na kira Baba. Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa na ci.

"Uwata, ga kayan sun iso. Mi shike ci, abin ga?"

"Batir ne a ciki, Baba. Sai ya shekara bai ƙare ba."

"To mi shike yi?"

"Shan iska yake yi. Ruwan da ke cikin iska yake tsotsa ya nuna a lambar ƙasa. Ka zuba masara rabin kwalba, ka sa shi a kai, ka rufe, ka jira awa guda. In bai kai sittin da biyar ba, ta bushe."

Ya maimaita, "Sittin da biyat." Lambobin boko ba su gagare shi, ya saba da su a waya da jikin buhun taki. Na kashe waya ina jin kaina kamar na gina masa gida.

Bayan kwana huɗu Inna ta kira tana dariya. Zaure ya cika. Labarin kwalba ya zaga unguwa, har masu waken suya suna kawowa don su ga lamba da idonsu. Ta ce Baba har sabuwar hula ya sa. Na tambaye ta ya sakamako, ta ce alhamdu lillahi, bana kowa masararsa ta bushe. Na yi murna, ban tsaya na yi tunani a kan kalmar nan ta kowa ba.

Kwana biyu bayan haka, da hantsi, Baba da kansa ya kira ni. Ba ya kira, sai dai a kira shi, saboda haka gabana ya faɗi. Bayan gaisuwa ya jefo mini tambaya.

"Uwata, abin ga naki, shina ƙarya?"

"Me ya faru, Baba?"

"Alhaji ya kawo tashi shekaranjiya. Shi da bai taka zauren ga da masara ba tun bara. Na bi shi har wurin shanya, na sa hannu cikin tulin, na ji sanyi. Amma abin ya ce talatin da biyu. Ga mutane tsaye kowa ya gani. Na ce mashi shi ɗinke."

"Amma hannunka ya ji sanyi?"

"Ya ji. To ni yanzu wane ne da zan ja da shi? Ni da bara..."

Bai ƙarasa ba. Na tambaye shi lambobin sauran mutane. Talatin, talatin da ɗaya, talatin da huɗu. Har wata masarar fadama da aka karyo a makon nan, ita ma talatin da uku. Ina riƙe da waya na leƙa ɗakin kaji, inda na ciro ɗan abin da ke cikin injin na rataye a bango tunda babu zubi. Talatin da ɗaya yake nunawa. Iskar kaka ce kawai, ta Kankara da ta Damari duk ɗaya. Ban san me ya faru da kwalbar ba, amma na san ba masara take aunawa ba. Wannan karon ban nemi shawarar maigidana ba, sanar da shi na yi.

Da sassafe na shiga mota. Muka bi ta Yargoje, muka wuce Daudawa, ko'ina a bakin hanya masara ce shanye a kan tampol, rawaya da fara. Duk tulin da muka gifta sai in ji ina son in sauka in ɗiba. Canjin mota biyu na yi, ban isa gida ba sai bayan azahar.

A zaure na same shi, kwalbar na gefensa a kan wani ɗan faifai. Tun kafin in gama durƙusawa na gani. Babu murfi. Ya yanko ƙyallen tsohon gidan sauro ya rufe bakin da shi, ya ɗaure da roba tsaf, kamar yadda ake yi wa tulun zuma don ƙuda. Murfin kuwa yana aljihunsa, a naɗe cikin takarda don kada ya ɓata.

"Baba, ai na ce ka rufe."

"Kin ce. Kuma kin ce shina shan iska. Abin da ke shan iska a toshe shi cikin kwalba awa guda? Ai sai shi mutu. Kayan ɗiyata, ta aiko tun daga Kankara, in kashe mata?"

Dariya ta taho mini, kuka ma ya taho, na rasa wanne zan fara. Inna da ta leƙo daga soro ta ce ita ma da ita aka yi shawara, kuma gaskiyar Malam ce, ko fara aka kama a kwalba ai sai an huda murfi. Na ce ba shi da rai, Baba, ba numfashi yake yi ba. Ya ce to ai ba shi ya ce shan iska ba. Babu yadda na iya, laifin bakina ne. Na zauna na warware masa a hankali: masarar ce ke fitar da ruwanta, murfin kuma shi ke tsare ruwan a wuri ɗaya har abin ya tsotsa. In an bar baki a buɗe, iskar gari ce ke shiga ta kwashe.

Ya miƙe tsaye. Sannan ya ce in biyo shi bayan gida. Tasa masarar tana can a tule, an lulluɓe ta da tampol. Rana ɗaya aka case ta da ta Alhaji, inji ɗaya, gonakinsu ma iyaka ɗaya suke.

"Ita ma talatin da biyu ta ce," in ji shi, bai kalle ni ba. "Tawa ban ɗinke ba. Hannuna ya ƙi. Tashi kau na ce mashi shi ɗinke. Kwana ukun ga abinci bai yi mani daɗi ba."

Na cusa hannu can cikin tulin na ɗebo, ni dai ban ji komai ba sai masara. Muka zuba rabin kwalba, muka ɗora abin, Baba ya warware murfin daga takarda ya murɗa shi da hannunsa, yana yi yana cije leɓe kamar mai ɗaure akuya za a yanka. Muka zauna a inuwar rumbu muka sa mata ido.

Da fari lambar ba ta motsa ba. Can sai talatin da biyu ta zama talatin da takwas. Arba'in da biyar. Baba ya matso har hularsa na taɓa ɗankwalina. Hamsin da uku. Ya ce, "Ikon Allah, ga shi kau bai mutu ba." Aka kira la'asar ya tafi masallaci, ni na yi tawa a nan kusa, ina sallamewa na koma. Da ya dawo ta wuce sittin da biyar, tana tafiya a hankali kamar mai hawan tudu. A saba'in da huɗu ta tsaya.

Na ce, "Baba, hannunka ne ya yi gaskiya."

Na ɗauka zai yi murna. Miƙewa ya yi ya shiga ɗaki, ya fito da 'yar wuƙarsa, ya nufi gidan Alhaji. Na ɗauki kwalba na bi shi. Gidan kamar namu ne, a can na yi rabin wasan ƙuruciyata, ba wanda zai ce me ya kawo ni.

Alhaji na zaune a dakali da mutum uku, dukkansu cikin masu kawo masara ne. Na so Baba ya ja shi gefe. Bai ja shi ba. A tsaye ya yi maganar, muryarsa ba ta ko rawa.

"Alhaji, masararka da sauran sanyi. A kwance buhunan ga yanzu. Ku ma duk wanda na ce wa ta yi a satin ga shi kwance tashi. Ni ne ban iya aiki da kwalbar ba." Sai ya sa yatsa ya ja kumatunsa gefe, ya buɗe baki, ya nuna musu ƙuryar da babu komai sai dasashi. "Kuma ga wannan. Tun bara babu su. Masararka ta bara ban cije ta ba, Alhaji, ba ni da abin cizo. Kunya ta hana ni hwaɗi, na bari ka yi asara. Ka yahe mani."

Ban taɓa ganin cikin bakin mahaifina ba sai ranar, kuma a gaban mutane. Na sunkuyar da kai, na ji kamar ƙasa ta buɗe in shige. Tausayinsa ya kama ni.

Alhaji ya daɗe yana kallonsa. Bai ce na yafe ba, bai ce ban yafe ba. Tashi ya yi ya buɗe ɗakin ajiya, ya ce wa mutanen nan su kama. Aka jawo buhunan waje, Baba na bi yana yanke ɗinki. Da aka zazzage na farko a kan tampol, wani ɗumi ya taso daga tsakiyarsa, har ni da ban iya ba na ji shi a fuskata. Ɗaya daga cikin mutanen ya shinshina ya ce ba ta fara ba tukuna, an ci sa'a, rana uku za ta gyara ta. Sauran biyun suka yi sallama da sauri, kowa ya nufi nasa buhunan.

Muna cikin baza masarar Alhaji ya tsaya ya tambayi Baba yadda aka yi ya gane. Ni na amsa, na ce tun ranar da aka kawo ta hannunsa ya ji sanyin, kwalba ce ta ruɗe shi. Alhaji ya gyaɗa kai. Ya koma ɗakin, ya jawo wani buhu da bakinsa ke buɗe, waken suya ne cike.

"Wanga jiya aka kwashe shi daga shanya. Ina son in ɗinke."

Na yi maza na zazzage kwalbar, na matso da ita. Alhaji ya ɗaga mini hannu.

"Aje kwalbarki tukuna, ɗiyata. Malam, sa hannu."

Baba ya dube shi. Sannan ya naɗe hannun rigarsa. Ya cusa hannu cikin waken har gwiwar hannu, ya bar shi a can, ya rufe ido. Ya zaro cike da tafinsa, ya saki waken yana zuba kaɗan kaɗan, ya karkata kunne yana sauraron ƙararsa. Ya shinshina tafin.

"Wanga ya yi."

"A kawo basilla," in ji Alhaji, ya ɗaga murya wajen cikin gida.

Ni kuwa hali ba ya ɓuya. Suna jiran basilla na faki ido na ɗebi waken cikin hannu, kwalba na ɗaya hannun, murfi a cinyata. Awa ɗaya ce kawai, kuma wallahi ina son in sani. Da na ɗago kai sai na ga Baba yana kallon hannuna. Bai hana ni ba, kallo kawai yake yi, hannun rigarsa har yanzu a naɗe.

Na mayar da waken cikin buhu. Da aka kawo basilla, ni na riƙe wa Alhaji bakin buhun yana ɗinki.